Abin da ke sa hannun ɗan koyon wasan karanta tunani karkarwa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da duk ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka ɗan ba ni fili in yi magana a kan wani abu da na san wasu za su ce ai wasa ne bai kai a kawo shi jarida ba, amma ni dai ya tsaya min a rai tun Asabar ɗin da ta wuce, kuma na lura yaranmu na Zariya sun fara shigarsa sosai ta bidiyoyin da suke kalla a waya, ga shi babu mai riƙe musu hannu.

Ina nufin wasan nan da Turawa ke ce wa mentalizim, wato wani reshe na dabo ko rufa-ido wanda mai yinsa ke nuna kamar yana karanta abin da ke ran mutum, ka riƙe lamba a zuciyarka ya faɗa maka, ko ya ajiye ambulan a rufe tun kafin a fara a ƙarshe a buɗe a ga abin da ka zaɓa ne a ciki. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare, shekara bakwai ke nan ina taɓa wannan wasa, da shi nake jawo hankalin ɗalibaina idan na ga barci ya fara ɗibarsu bayan azahar.

Toh ranar Asabar an gayyace mu walimar yaye ɗalibai a wata makaranta nan unguwarmu, ana cikin shiri sai aka kira wani yaro da bai wuce shekara 17 ba wai zai nuna wasa. Ya fito cikin baƙar kwat da wannan uban zafin, ya karɓi abin magana ya fara da Turanci irin na bidiyo yana wani jan murya yana cewa shi yana da ikon shiga ƙwaƙwalwar duk wanda ke wurin. Daga inda nake zaune ina hango takardar hannunsa tana rawa, sau uku yana cewa jama'a ku duba ambulan ɗin nan a liƙe yake ban taɓa shi ba, alhali babu wanda ya tambaye shi, iyaye mata daga baya sun fara a'uziyya, yara na ƙyalƙyala dariya, shi kuma sai sauri yake kamar wanda aka biyo. Abin tausayin shi ne wasan nasa ya fita daidai fa, abin da ya rubuta shi ya fito, amma ko tafin kirki bai samu ba, ya sauka kansa a sunkuye. Na bi shi bayan aji na tarar yana tuɓe kwat ɗin ya jiƙe sharkaf, na ce ƙanena sannu da ƙoƙari, ya ce Malam wallahi a ɗaki na yi shi ya fi sau hamsin babu kuskure, ban san me ya same ni ba. Na ce na san abin da ya same ka don ni ma ya taɓa samuna.

Nawa ya faru ne a majalisarmu ta Tudun Wada bayan isha'i, da wasan lissafin nan da kusan kowane ɗan koyo ke farawa da shi. Mutum ya rubuta lamba mai gida uku, ya juya ta baya, ya cire ƙaramar daga babbar, abin da ya samu ya sake juya shi ya haɗa su biyun, amsar kullum 1089 ce. Ɗauki 742, juyinta 247, ka cire ka samu 495, juyinta 594, ka haɗa ga 1089. Sai dai akwai sharaɗi, lambar farko da ta ƙarshe su zama da tazarar aƙalla 2 a tsakaninsu. Ni na san wannan sharaɗi sarai, a allo ma zan iya nuna dalilinsa, amma da na ga idanu goma sha a kaina sai bakina ya bushe na tsallake shi gaba ɗaya, abokina ya zaɓi 423, ya cire 324 ya samu 99, ya haɗa da 99 ya samu 198, na buɗe ambulan da ƙarfin hali ga 1089 ɓaro-ɓaro. Abin da har yau nake nadama shi ne yadda na hau musu ina cewa shi ne bai iya lissafi ba, na kunyata bawan Allah a gaban mutane don in rufe nawa kuskuren, sai da na bi shi gida washegari na ba shi haƙuri. Gyaran kuwa jimla ɗaya ce tak, in amsarka ta fito gida biyu ka sa mata sifili a gaba, 099 da 990 su ma 1089 za su ba ka.

Bayan wannan na daɗe ina tambayar kaina me ke kawo wannan diriricewar, tunda ni mutum ne da ke tsayawa gaban aji kullum gabana bai taɓa faɗuwa ba. Amsar da na samu ita ce maganar nan ta mutanenmu, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ɗan koyo kaji biyu yake fitowa da su. Ta farko sirrin yadda ake yin wasan, wannan ƙarama ce, maimaici na kashe mata kuka. Ta biyun ita ce babba, wato ƙaryar da yake ganin dole sai ya yi, cewa yana da wani iko na daban. Yaron da ya tashi a gidan Musulmi a Zazzau, tun yana islamiyya aka karantar da shi aya ta 65 a Suratun Namli cewa babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah, ya ji hadisin da Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wurin ɗan duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ba har kwana arba'in, sannan ka ce ya tsaya gaban iyayensa da malamansa ya ce yana ganin abin da ke cikin zukata, ai zuciyarsa ce za ta fara ƙaryata shi kafin kowa, kuma labarin zuciya a tambayi fuska. Yaranmu Kiristoci na Wusasa da Sabon Gari ma na tabbata haka suke ji, don su ma an hore su a kan duba da tsafi.

Don haka shawarata ta farko, kuma in ma ita kaɗai aka ɗauka ta wadatar, a ajiye kaza ta biyu a gida. Ni yanzu duk inda zan yi wasa, bayan sallama abin da nake fara cewa shi ne, jama'a abin da za ku gani dabara ce, lissafi ne da lura da ɗan rufa-ido, babu aljani babu tsibbu, ban san gaibu ba, duk wanda ya zauna ya koya zai iya, yadda ake yi ne kawai zan riƙe. Wallahi Malam Edita ranar da na fara faɗin haka ji na yi kamar an sauke min buhun masara daga ka, kafaɗuna suka saki, muryata ta dawo tawa. Da ina tsoron faɗin haka zai kashe armashin abin, ashe ƙara shi yake, don mutum in ka ce masa aljani ne ya gama tunani sai ya nemi tsari ya matsa, in ka ce masa dabara ce sai ya gyara zama ya zuba ido yana son ya kama ka, ya kasa, nan daɗin yake.

Ko a can inda abin ya fi bunƙasa an ga bambancin. Uri Geller da ya yi suna da lanƙwasa cokula yana cewa baiwa ce ta gaske, a 1973 ya je shirin talbijin na Johnny Carson a Amurka, shi kuma Carson ya taɓa yin dabo a ƙuruciyarsa, sai ya nemi shawarar James Randi, wani mai dabo da ya yi suna wajen tona asirin masu cewa suna da ikon ɓoye, suka tanadi nasu kayan ba su bari mutanen baƙon sun kusance su ba, aka zauna ana jira a gaban kyamara abu ya ƙi yiwuwa. Wanda ya ce ikonsa na gaske ne ya toshe wa kansa ƙofar kuskure, kullum a ɗar-ɗar zai zauna. Shi kuwa Derren Brown na Ingila, wanda yawancin yaran nan shi suke kwaikwayo, da bakinsa yake faɗa cewa ba shi da wani iko na ɓoye, haɗin dabo ne da sanin halin ɗan Adam da kautar da hankali da iya tsayuwa gaban jama'a. Yaranmu sun ɗauki kwat ɗinsa da jan muryarsa sun bar wannan ɓangaren, wanda shi ne ya fi dacewa da mu.

Kuma a nan garin maganar ta wuce ta jin daɗin mai wasa. Akwai ranar da na gama wasa a wani taron suna, wata Hajiya da ta haife ni ta ja ni gefe ta ce ɗan nan don girman Allah ka duba min, an ɗauke min waya a gida kuma ina zargin yarinyar da ke min aiki. Jikina ya yi sanyi. Da na kuskura na ɗaga gira kawai, ko na yi shiru irin na masu nuna sun san wani abu, da an daki 'yar mutane ko an kore ta a kan wasan da na koya da biro da takarda. Na ce Hajiya ki gafarce ni ban san komai a kan wayarki ba, na zauna na buɗe mata yadda na yi wasan ɗaya daga farko har ƙarshe, sirrin da ban taɓa nuna wa kowa ba, har sai da ta yi salati ta ce au dama shi ke nan. Tun ranar na yanke wa kaina iyaka, ba na taɓa maganar sata, ko aure, ko ciwo, ko abin da zai faru gobe, ba na kuma faɗa wa mutum halinsa. Wannan na ƙarshen yana da sauƙin da ya kamata ya ba mu tsoro, a 1948 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Bertram Forer ya yi wa ɗalibansa gwaji sannan ya ba kowa takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai, alhali duk abu ɗaya ya rubuta musu, maganganu irin su kana son mutane su so ka, wani lokaci kana shakkar ko shawarar da ka yanke daidai ce, da aka ce su auna dacewarta da su sai matsakaicin makin ya kai kusan 4.3 cikin 5. Da irin wannan 'yan damfara ke cin kuɗin iyayenmu mata, bai kamata yaron kirki ya kusance shi ba. Na san akwai malaman da ba su yarda da wasan ba baki ɗaya ko da an yi bayani, ina girmama su, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya je ya tambayi malaminsa kafin ya fara, ni ma sai da na tambayi nawa.

Sai maganar harshe. Zanen aro ba ya rufe katara, yaron da ke hira da Hausa daga safe har dare in ya hau dandamali ya koma Turancin haddar bidiyo, aiki biyu ya ɗora wa kansa, yana tuno kalma yana kuma tuno dabara, dole ɗaya ta zube. Ka yi da bakin da kake sayen ƙosai da shi, cikin kaftanin da ka saba sawa. Mu fa Allah ya hore mana abin da su Turawa sai sun zauna sun koya, wato gaisuwa. Ka kira mutum ya fito, Baba ina wuni, ya gida ya iyali, ya aka ji da zafin nan, kafin ku gama wannan numfashinka ya daidaita shi ma ya saki jiki, jama'a kuma sun ga ɗan mutunci ne a gabansu. In kana son ka koyi yadda ake riƙe taro ba sai ka je intanet ba, ka shiga kasuwar Sabon Gari ka tsaya kusa da mai tallan magani na rabin awa, ba don ka koyi abin da yake faɗa ba, ka lura da inda yake ɗaga murya da inda yake yin shiru ya bar mutane suna jira, ko ka tuna yadda kaka ke jan tatsuniya in an zo inda kura za ta buɗe ƙofa. Shirun nan shi ɗan koyo ya fi tsoro, daƙiƙa uku sai ya ji kamar shekara, sai ya cike ta da surutu irin na ku duba babu komai a hannuna, kuma wannan surutun shi ke nuna wa mutane inda za su duba. Wanda ya miƙo maka biro a banki ai ba ya ce maka wannan biro ne na gaskiya.

Wata cutar kuma ita ce tara wasanni. Data ta yi arha a hannun yaro, yau ya koyi wannan gobe ya koyi wancan, yana da talatin a ka babu ɗaya a hannu. Ku je cikin birni ku ga masu ɗinkin hannu na manyan riguna, mutum na hira yana dariya yana amsa sallama allura na tafiya ita kaɗai, ba a kan riga ɗaya ya kai haka ba. Wasa biyu sun isa shekarar farko. Ka rubuta abin da za ka faɗa da Hausa, har da sharuɗɗan nan irin wanda na manta, ka maimaita a bayyane da murya ba a zuci ba, ka jingina waya ka ɗauki kanka ka kalla, za ka ga abin da madubi ba zai nuna maka ba, yadda kake kallon hannunka daidai lokacin da bai kamata ba, yadda kake lasar leɓe, yadda kake rangaji. Amma sau hamsin a ɗaki bai kai sau biyar a gaban mutum ba, shi ne abin da na faɗa wa yaron nan. Kuma kar ka fara da abokan majalisa ko ƙannenka, su ne mafi wuya, sun san ka tun kana yawo ba wando, fizge takardar za su yi su ce sake mu gani, kuma wasa irin na 1089 in ka sake shi a wuri ɗaya ya mutu tunda amsar ba ta canjawa. Ka nemi mutum ɗaya ko biyu da ba ku saba ba, a teburin mai shayi ko a benci ana jiran aski, inda in ya lalace ba wanda zai riƙe maka. Ni ina kauce wa karta ma gaba ɗaya, don a wurinmu da an gan ta caca ke zuwa ran dattawa, takarda da biro da kwabbai sun ishe ni.

Mu da muke garin dawaki akwai labarin da ya kamata ya tsaya mana. A farkon shekarun 1900 a birnin Balin na Jamus an yi wani doki mai suna Hans, mai shi Wilhelm von Osten malamin lissafi ne, a tambayi dokin lissafi ya dinga buga kofato har ya kai amsar ya tsaya. Da wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Oskar Pfungst ya bincika, ya fitar da sakamakonsa a 1907, sai ya gano dokin jikin mai tambaya yake karantawa, mutum na ɗaure jiki yana jira, da an kai lambar sai ya ɗan saki ba tare da ya sani ba, doki ya tsaya, in mai tambayar bai san amsar ba ko dokin ba ya ganinsa sai ya yi ta kuskure. Toh in dabba na ganin wannan a jikin mutum, ina ga 'yan kallo masu ido biyu da wayo. Duk inda ka ɗaure jiki sun gani. Shi ya sa ɓoye tsoro ba ya aiki, sai dai a rage abin da ke kawo shi. Wannan motsin da jiki ke yi ba da sanin mai shi ba ma akwai wasa guda da aka gina a kansa, a ɓoye abu a ɗaki ka riƙe wuyan hannun wanda ya san wurin ka ce ya yi ta tunanin inda yake, kana tafiya kana jin inda hannunsa ke ɗan turjewa da inda yake sakin maka hanya. Shi wannan babu rufa-ido a ciki ko kaɗan, lura ce zalla, amma hannun da ke karkarwa ba zai ji komai ba, sai wanda ya natsu. Da maza 'yan'uwana kawai nake yinsa, kuma har yanzu yana ƙi min wani lokacin.

In ya ƙi kuwa, ka ce yau ba ta yi ba, ka gode wa wanda ya fito, ka wuce na gaba. Tunda tun farko ka ce dabara ce, ai dabara na kuskurewa, ba wanda zai riƙe ka da alkawarin da ba ka yi ba. Laifin kar ya taɓa sauka kan wanda ya taimaka maka, musamman in babba ne, ka bar shi ya koma kujerarsa da mutuncinsa fiye da yadda ya taso.

Roƙona ga iyaye da 'yan'uwana malamai, in kun ga yaro da ambulan da 'yan takardu yana wannan abu, kafin a ce ya shiga tsafi a zaunar da shi a tambaye shi, a sa shi ya faɗa da bakinsa cewa dabara ce, a ja masa iyakokin nan, sannan a ba shi minti biyar a ƙungiyar lissafi ko ta wasan kwaikwayo ta makaranta ya gwada a gaban mutum goma kafin a tura shi gaban ɗari uku. Shi yaron na Asabar na je na gaida mahaifinsa na nemi izini, ya amince, mun yi da shi zai riƙa zuwa wurina bayan la'asar ran Asabar, na ce ya zo da wasa ɗaya kacal cikin kayansa na gida, kuma ya rubuto min da Hausa jimla ukun farko da zai faɗa in ya yi sallama.

Na gode Malam Edita da wannan fili, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku mai karatu a kullum,
wani malamin lissafi daga Tudun Wada, Zariya.